Rumbun Kaset da Ɗan Aiken da Aka Kwance wa Igiya

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Matamaye ya san yadda ake kasa kunne ga rediyo idan an zo faɗin ruwan da ya sauka: gari kaza milimita kaza, gari kaza milimita kaza. Manomin Kurni yana saurare ne don ya ji ko ƴan uwansa na Kance, ko na Yawuri, ko na Tsauni sun sami ruwan shuka. Da an gama karantawa sai zance ya koma wani wuri. Amma lissafin ba ya ƙarewa nan.

Tashar awon yanayi ta Damagaram tana auna zafi da iska da ruwa dare da rana, tana aika abin da ta auna ga sauran tashoshin duniya. Ɗaya daga cikin wuraren da awon yake sauka ita ce cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, wadda aka kafa a shekara ta 1975, wadda kuma manyan na'urorinta suke birnin Bolonya na ƙasar Italiya tun 2022. Hasashen irin waɗannan cibiyoyi yana cikin abin da masanan AGRHYMET ta Yamai suke dubawa kowace shekara kafin su faɗa wa ƙasashen Sahel yadda suke ganin damina za ta kasance. Shi kuwa awon da ya tsufa, na bara da na shekaru arba'in da suka wuce, ba a zubar da shi. Yana nan kwance cikin kaset dubu bisa dubu, a wani irin rumbu da ba mutum ke shiga ya ɗebo ba. Wannan rumbu za mu buɗe muku yau, musamman ma ɗan aiken ƙarfen da ke kai da kawo a cikinsa.

Kaset bai mutu ba

Ba sai an gaya wa mutanenmu mene ne kaset ba. A cikinsa muka ji wa'azi, a cikinsa muka ji makaɗa, kuma kafin wayar hannu ta zo, a cikinsa ɗan ci-rani yake zuba gaisuwa ya ba direba ya kai gida. Wannan kaset ya ja da baya. Amma yana da ɗan uwa wanda ba murya ake zuba masa ba, sai rubutu da lissafi da hotuna na na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, kuma shi har yau kasuwarsa tana ci.

Wanda ya fi yaɗuwa ana ce masa LTO. Faɗinsa wajen santimita 10 ne, yana shiga tafin hannu. Zaren da ke naɗe a cikin na baya-bayan nan ya wuce kilomita ɗaya kaɗan, kuma gashin kan mutum ya fi shi kauri fiye da sau goma. Na farko, wanda ya fito a shekara ta 2000, yana ɗaukar baƙaƙe miliyar 100. Na tara, na shekara ta 2021, yana ɗaukar terabayit 18, na goma kuwa, na 2025, terabayit 30. Terabayit ɗaya daidai yake da baƙaƙe miliyar dubu. Don abin ya zauna a kai, bari mu auna da abin da muka sani. In aka ɗauki hoton shafi ɗaya na littafin rajista, aka ƙaddara ya ci gurbin baƙaƙe miliyan ɗaya, to kaset guda na shekara ta 2021 zai ɗauki shafi miliyan 18. Ƙidayar shekara ta 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasarmu Nijar. Ke nan duk wanda aka ƙidaya a lokacin zai sami shafinsa a kaset guda, har a yi saura. Kamfanoni biyu ne kaɗai suke yin wannan zare a duniya, Fujifilm da Sony, dukansu na ƙasar Japan.

Mai tambaya zai ce, me ya sa ake riƙe da kaset alhali ga faifai na zamani da ke ba da amsa nan take? Amsar za ta yi wa ma'aikacin da ya san kuɗin wuta daɗin ji. Faifai sai yana juyawa yake aiki, yana cin wuta, yana fitar da zafi, zafin kuma sai an biya kuɗin sanyaya shi. Kaset da ke kwance a gurbinsa ba ya cin komi, kamar damin gero a rumbu, kuma masu yinsa sun ce zai kai shekara 30 in an kula da shi. Bugu da ƙari, ɓarawon da ke shigowa ta intanet ba ya iya taɓa abin da ba a jona da komi ba. A farkon shekara ta 2011 wani kuskure ya share wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, daga kaset kamfanin Google ya maido da su.

Yadda rumbun yake

Da can mutane ne suke wannan aiki. Na'ura ta nemi kaset lamba kaza, ma'aikaci ya tashi ya bi kantoci, ya ɗauko, ya ɗaura. In ya gaji ko ya ajiye wani a gurbin da ba nasa ba, shi ke nan an shiga nema. A shekara ta 1974 kamfanin IBM na Amurka ya fito da wata na'ura mai lamba 3850, wadda gurabenta suke jere kamar saƙar zuma, hannun ƙarfe yana zaro kaset daga ciki. A 1987 wani kamfanin Amurka, StorageTek, ya gina nasa zagayayye, kaset wajen 6,000 suna jere a jikin bango ta ciki, hannun yana tsakiya yana juyawa. Da ma'aikata suka dube shi sai suka laƙaba masa sunan da Turawa ke kiran rumbun hatsi da shi. Ashe ba mu muka fara ganin kamar ba.

Rumbun yau dogon akwati ne na ƙarfe, wani ya kai tsawon ɗaki, wani ya kai tsawon zaure da soro. A ciki akwai guraben kaset, akwai na'urorin da ke karantawa da rubutawa, akwai titin ƙarfe irin na jirgin ƙasa, sa'an nan akwai abin da Turawa ke ce wa robo, mu kuwa za mu kira shi ɗan aike. Yana da ƙafafun gudu a kan titi, yana da abin hawa sama da sauka ƙasa, yana da yatsun kama kaset, yana da ido mai karanta lambar da aka manna a goshin kowane kaset, irin zanen nan na baƙi da fari da muke gani a jikin kwalin magani. Ba shi da ra'ayin kansa. Wata ƙaramar kwamfuta ce, wadda za mu kira mai rumbu, take riƙe da lissafin inda kowane kaset yake, ita ke ce masa je gurbi kaza, ɗauko, kai wa na'ura kaza. Cikin daƙiƙu kaɗan ya je ya dawo, a cikin duhu, ba hutu, ba ranar kasuwa.

Igiya ita ce raunin

To, ta ina umurnin mai rumbu yake isa ga ɗan aike, ta ina kuma yake samun wutar da ke tafiyar da shi? Shekaru da yawa amsar guda ce: ta waya. Ana haɗa wayoyi da dama wuri ɗaya su zama kamar ɗamara mai faɗi, a ɗaura baki ɗaya a jikin akwati, ɗaya bakin a jikin ɗan aike. Duk inda ya nufa tana biye da shi, tana lanƙwasa tana miƙewa.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya riga ya gane inda zancen ya nufa. Ku dubi itacen bakin tsohuwar rijiya, za ku ga sawun da igiya ta ci. Ita ma igiyar tana cin kanta a daidai wurin da take goga, kuma ba guga ke fara mutuwa ba, igiya ce. Haka wayar ɗan aike take. Jan ƙarfen da ke cikinta, in aka tanƙwara shi aka miƙe sau dubbai, yana gajiya ya tsage, kamar yadda yaro ke karya waya da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Abin da ya fi ɓata wa masu gyara rai shi ne ba ta tsinkewa gaba ɗaya rana ɗaya. Sai ta riƙa haɗuwa tana rabuwa: yau ɗan aike ya ji umurni, gobe ya tsaya a tsakiyar titi da kaset a hannu, mai gyara ya zo ya duba ya ga komi lafiya. A irin wannan rana, kaset dubu goma suna nan lafiya lau, amma ba wanda zai iya karanta ko ɗaya. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Igiyar tana da wani aibi kuma. Tsawonta shi ne iyakar tafiyar ɗan aike. In an so a ƙara wa rumbu tsawo sai an sake igiya, doguwar igiya kuwa ta fi nauyi, ta fi saurin sarƙewa. Ba ta son kwana. Kuma in aka sa ƴan aike biyu a titi ɗaya don aiki ya yi sauri, igiyoyinsu sun zama kamar na awaki biyu da aka ɗaure a turke guda.

Saboda haka ne injiniyoyin kamfanoni da dama, musamman wajen shekara ta 2000, suka shiga neman hanyar da za a kwance masa igiyar, suka kuma yi rajistar dabarunsu a hukumance.

Hanyoyin da aka bi

Hanya ta farko da za ta zo wa kowa a rai ita ce wayar iska, wato rediyo. A sa ƙaramin abin watsawa da karɓa a jikin mai rumbu, a sa irinsa a jikin ɗan aike, su riƙa magana ta iska kamar yadda wayar hannu ke magana da dogon ƙarfen da aka kafa a bakin gari. Wasu kuma suka zaɓi haske, irin wanda ido ba ya gani, wanda abin canja tashar telebijin ke aiki da shi. Shi haske ba ya fita waje ya dami kowa, amma sai in babu abin da ya gitta tsakani, kuma ƙura tana rage masa ƙarfi.

Sai dai umurni kaɗai ba ya tafiyar da inji. In an cire waya, daga ina wuta za ta zo? An gwada sa masa batir, ya riƙa komawa wani wuri yana caji, amma batir nauyi ne, kuma yana tsufa. Dabarar da ta fi kama ƙasa ita ce a mayar da titin kansa ya zama waya. A manyan rumbunan StorageTek na baya, irin SL8500 da ya fito a shekara ta 2004, an shimfiɗa siraran sandunan jan ƙarfe a jikin titi, ɗan aike yana da ƴan harsuna da ke goga su yana tafiya, yana shan wuta daga nan. Da aka ga haka sai aka ce, tun da ga hanya, me zai hana umurnin ma ya bi ta? Sai aka ɗora saƙo a kan wutar, kamar a ba direban motar kaya wasiƙa ya tafi da ita. Wannan rumbu yana da titi huɗu, ana iya sa masa ƴan aike har takwas, yana ɗaukar kaset wajen 10,000, kuma ana iya jona goma su zama ɗaya, suna miƙa wa juna kaset ta taga. Da igiya a bayan kowane ɗan aike, da wuya a yi haka.

Ko shi kaset ɗin ma yana magana ba tare da waya ba. A cikin kowane LTO akwai wata ƴar ƙwaya da ba ta da batir. In na'ura ta matso kusa sai ta tashe ta da iskar rediyo, ta faɗi lambarta, da sau nawa aka yi aiki da kaset ɗin, da ko ya fara ba da wahala.

Kada mai karatu ya ɗauka an binne igiya. Ƙananan rumbuna da yawa da ake sayarwa har yanzu suna da ita, an dai gyara mata zama, tana naɗewa tana warwarewa cikin ɗan akwati kamar abin awon magini, kuma an yi ta yadda za a cire a sa sabuwa. A ganinmu wannan ba koma-baya ba ne. Ga ofishin da ke nesa da masu gyara, abin da ma'aikaci zai iya canjawa da hannunsa ya fi dabarar da sai an ɗauko wani daga ƙetare. Su ma harsunan da ke goga titi suna cinyewa, kuma suna zubar da gari mai laushi wanda kaset ba ya so.

In ɗan aike bai ji kira ba

A nan ne ainihin wahalar take. Dabba mai igiya, in ta ƙi ji, ana iya janyo ta. Wadda aka sake kuwa sai da tarbiyya. Cikin akwatin ƙarfe iskar rediyo tana bugun bango tana dawowa kamar amsa-kuwwa, har a sami wasu kusurwoyi da saƙo ba ya isa da kyau. Injinan da ke juyawa su ma suna da nasu surutun. Saƙo yana iya ɓacewa, ko ya iso rabi. Ku ƙaddara an ce wa ɗan aike tafi, ya kama gudu, sa'an nan umurnin tsayawa ya ɓace a hanya.

Maganin da aka yi wa wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya san aikin ofis. Kowane saƙo yana da lamba, kamar takardar da aka shigar a littafin aikawa. Wanda ya karɓa sai ya amsa cewa ya karɓa, in ba a ji amsa ba a sake aikawa. A ƙarshen saƙon akwai ɗan lissafi da ke nuna ko wani abu ya canja a hanya, in lissafi bai fita ba a yar da saƙon. An kuma ƙara wa ɗan aike ƴar ƙwaƙwalwa tasa, don kada a riƙa gaya masa kowane taku: a ce masa gurbi kaza, shi ya auna tafiyarsa ya tsaya da kansa. Sama da duka akwai doka guda: su biyun suna yi wa juna sallama a kai a kai, in ɗan aike ya daina jin muryar mai rumbu, ba ya ci gaba da abin da ya ga dama, tsayawa yake cik. In mutum ya buɗe ƙofa zai shiga, ana yanke wa titin wuta tukuna, domin ƙarfe mai gudu ba ya sanin hannun mai gyara.

Akwai wani tsari da ya burge mu. A manyan rumbuna masu ƴan aike biyu a titi ɗaya, in ɗaya ya mutu a hanya, ɗan uwansa yana zuwa ya tura shi har ƙarshen titi, wurin da aka keɓe don gyara, ya koma ya ci gaba da aikin su biyun. Ba a rufe rumbu ba, ba a jira ƙugiya ba.

Wayar iska kuma tana da kunnuwa da yawa. Abin da aka watsa a iska wani na iya ji daga waje, ko ya kwaikwayi muryar mai rumbu. Don haka dole a kulle saƙon da mabuɗin sirri, in ba haka ba an toshe wa ɓarawo ƙofa an bar masa taga.

Mu kuma fa?

Ba wanda zai ce a gina irin wannan rumbu a Kurni. Kaset yana son sanyi tsakanin digiri 16 da 25, ba laima mai yawa, ba ƙura ko kaɗan. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, ga hazon hunturu da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Ɗakin da za a sa shi sai an tace iskarsa, sai wuta ba ta yankewa.

Amma Kurni tana da abin da ya cancanci shiga irin wannan ajiya. Da aka kafa ƙananan hukumomi aka yi zaɓensu a shekara ta 2004, littattafan haifuwa da aure da mutuwa sun koma hannun magajin gari. Dokar shekara ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haifuwa. Uba ya yi ƙoƙarinsa, malamin rajista ya rubuta, sa'an nan littafin ya zauna shekara goma sha biyu yana jiran ranar da yaron zai nemi takarda don jarrabawa. A cikin waɗannan shekaru gara tana nan, ɗigar rufi tana nan, gobara tana nan. Littafi ɗaya da ya lalace yana nufin ɗaruruwan mutane a gaban alƙali suna neman shaidar cewa an haife su. Haka takardun gonaki suke, a ƙasar da jama'a ta yi yawa, kowace iyaka tana da mai ita.

Aikin shimfiɗa wayar gilashi ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya ƙunshi reshe daga Damagaram zuwa iyakar Najeriya, da kuma cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Kowace cibiya irin wannan sai ta amsa tambayar inda kofi na biyu zai kwana, wanda ba ya gini ɗaya da na farko, ba ya kuma jone da waya. Magabatan da za su sa hannu a takardar sayen kaya ya kamata su tambayi abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe: wane ɓangare ne yake fara cinyewa a jikin ɗan aike, nawa ne kuɗinsa, kwana nawa yake yi kafin ya iso, wane ɗan ƙasa aka koya wa canja shi.

Akwai kuma tambayar shekaru. A Yamai, cibiyar CELHTO da gidan rediyon ƙasa sun ɗauki muryoyin dattawa da maroƙa da makaɗa a zaren da aka yi aiki da shi a shekarun 1960 da 1970, kuma injinan da ke karanta irin wannan zare sun yi wuyar samu. Kaset ɗin kwamfuta bai tsira daga wannan ba. Har zuwa LTO na bakwai, sabuwar na'ura tana karanta kaset na zamani biyu baya. Ta takwas da ta tara suna karanta na zamani ɗaya baya. Ta goma kuwa nata kaɗai take karantawa. Ke nan ko da kaset zai kai shekara 30, na'urar da ta san harshensa ba lalle ta kai ba, kuma sai an riƙa kwashe ajiyar daga tsohon kaset zuwa sabo duk bayan ƴan shekaru. A manyan cibiyoyi wannan kwasa tana cikin aikin ɗan aike na kullum, kuma tana da layinta a kasafin kuɗi.